Mu Tagwaye Ne, Ni Kaɗai Lufus Ya Kama, Ga Shi An Sa Ranar Aurena

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a cikin garin Gombe, shekarata 26. Mu tagwaye ne masu kama ɗaya, ko Innarmu takan ruɗe in mun ba ta baya. Ita ta riga ni faɗowa, shi ya sa nake ce mata Adda. Shekara biyu da suka wuce na fara zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya ko na taifot, gaɓoɓina suka riƙe, gashina ya riƙa bin mataji, wani duhu ya fito mini a kumatu ya haye karan hanci. Bayan dogon yawo aka ce lufus ne, wai ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa. Likita ya ce ciwon mata ne, homon, wato sinadaran jiki irin masu tsara al'ada, ke rura shi, kuma ni ma na lura yakan motsa gab da al'adata. To Anti, Adda ma ai mace ce, jininmu ɗaya, amma lafiyarta ƙalau, 'ya'yanta biyu. Goggona ta ce wannan kaɗai ya isa shaida cewa jifa aka yi mini. An sa ranar aurena bayan babbar Sallah. Goggo ta ce in ajiye ƙwayoyin nan domin suna hana haihuwa, ga fuskata ta kumbura, kada a ga amarya haka, kuma wai auren ma zai warkar da ni. Wata ƙawata kuma ta kawo mini ƙwayar tazarar haihuwa, ta ce in fara sha kada ciki ya tayar da ciwon. Wanda zan aura kuwa ciwon gaɓoɓi kawai ya san ina yi. Zama mace ne ya jawo mini? Maganar wa zan bi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Bari in fara da na gaggawa, kada ki karanta rabi a kira ki kicin. Maganinki kada ki ajiye shi ko na kwana ɗaya. Ƙwayar da ƙawarki ta kawo kuwa, ki bar ta cikin kwalinta tukuna, akwai gwajin jinin da sai an yi shi za a san ko jikinki zai ɗauki irinta. Dalilan suna tafe.

Hujjar Goggo ba ta raini ba ce. Ciki ɗaya, nono ɗaya, akushi ɗaya, sannan ɗaya ta kwanta ɗaya tana harkarta: duk mai hankali zai ce ruwa ba ya tsami banza. Masu binciken ciwon nan ma tambayar da suka yi wa kansu ke nan. Da suka bi tagwaye masu kama ɗaya, sai suka tarar idan lufus ya kama ɗaya, mafi yawan lokuta ɗayar tsira take yi. Kusan sau ɗaya cikin huɗu ne yake haɗa su duka biyun. Ashe abin da ya faru a gidanku shi aka fi gani, a Gombe ne ko a Landan, har a garuruwan da ba su san ana binne laya ba. Ruwan dai da dalili ya yi tsami, amma dalilin a cikin tulun yake.

Idan kin yi allo, ko kin taɓa ganin wasiƙar ajami irin ta tsofaffinmu, ɗauki baƙi biyu, fa da ra, ki rubuta su tsirara. Me kika rubuta? Babu mai iya faɗa sai an sa wasali. Da wannan wasalin fura ce, da wancan fara ce, da wani kuma fari ne, kin ko san tsakanin fura da fari akwai tafiya. To rubutun gadon da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikinki, wanda ake kira DNA, baƙaƙe ne. Naki da na Addarki kwafi ɗaya ne. Amma a kan baƙaƙen akwai ƙananan alamomi da jiki ke ɗorawa yana sharewa, su ke gaya wa ƙwaya layin da za ta karanta da ƙarfi da wanda za ta tsallake. Saboda su ne ƙwayar ido ba ta yin aikin hanta, alhali littafi ɗaya ke hannunsu. Masana suna kiran wannan fanni efijenetiks. Alamar da aka fi sani wani ɗan mitsitsin sinadari ne, metil. In ya zauna a bakin layi, layin shiru yake yi, kamar yadda ɗauri ke hana baƙi motsi. In ya faɗi, layin ya buɗe baki.

Baƙaƙen mutum da su yake zuwa, da su yake komawa. Wasulla kuwa rayuwa na taɓa su: hasken rana a fata, wani bairos da ya shiga ya fita ba a ma lura ba, hayaƙin taba, wasu magunguna, shekaru, da homon. Tagwaye suna farawa da wasulla kusan iri ɗaya, a hankali su rabu. A 2010 wasu masu bincike a Sifen sun ɗauki jinin tagwaye irinku, ɗaya da lufus ɗaya babu, suka kwatanta. A fararen ƙwayoyin jinin mai ciwon, metil ya zube daga kan layuka da dama, kuma da yawansu layukan garkuwar jiki ne.

Garkuwar jiki kamar 'yan sintirin unguwa ce. Akwai ƙwayoyin T masu ba da umarni, akwai ƙwayoyin B masu ƙera makami. Sharaɗin aikinsu shi ne su san ɗan gida su san ɓarawo, kada a busa usur sai an ga baƙon ido. Metil na cikin masu riƙe da wannan linzami. In ya sassauta, sintiri ya koma kalare, 'yan daban nan, ke 'yar Gombe ba sai na fassara miki ba. Sai su fasa ƙofar wanda ya ɗauke su gadi: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda. Wani likita a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Bruce Richardson, ya fara nuna haka tun shekarun 1980. Ya ɗauki lafiyayyun ƙwayoyin T ya sa musu maganin da ke hana metil zama, sai suka juya kan 'yan gida. Daga baya aka zuba irin waɗannan ƙwayoyin a jikin lafiyayyun ɓeraye, suka kamu da ciwo mai kama da lufus, har ƙoda ta taɓu. Akwai ma magunguna biyu, haidiralazin na hawan jini da furokenamaid na bugun zuciya, da aka daɗe da sanin cewa in an jima ana shansu sukan sa wa wasu mutane wani nau'in lufus mai lafawa idan an daina. Da aka bincika, duka biyun metil suke ragewa a ƙwayoyin T.

Yanzu maganar likitanki. Gaskiya ya faɗa, sai dai a gurguje, irin ta wanda layi ke jira a bakin ƙofa. Cikin mutum goma masu lufus kusan tara mata ne, kuma yawanci yana tashi ne tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daga fara al'ada zuwa ɗaukewarta. A ƙananan yara da tsofaffi tazarar mata da maza ba ta kai haka ba. Wannan ya isa a nuna homon da yatsa. Amma zama mace ta ƙofa biyu yake shigowa cikin lamarin, kuma ta farkon ba ruwanta da homon.

Tun kina gudan jini aka buɗe ta. Rubutun gadon nan kundi-kundi yake, kowane kundi ana ce masa kuromosom; mace tana da kuromosom X guda biyu, namiji ɗaya. Biyu sun yi yawa, don haka kowace ƙwaya a jikin mace takan naɗe ɗaya kamar tabarma, ta ɗaure, ta jingine a lungu. Wata Baturiyar Ingila, Mary Lyon, ce ta gano haka a 1961. In kina son gani da idonki, dubi magen nan mai launi uku, baƙi da fari da ruwan goro. Kusan kullum mace ce, domin umarnin baƙin da na goron a kan X yake, wani yankin fatarta ya naɗe wannan, wani ya naɗe wancan, ta fito dabbare-dabbare. Igiyar da ake ɗaure tabarmar kuwa, metil na cikin zarenta. Inda gizo ke saƙa shi ne X cike yake da layukan garkuwar jiki, kuma ɗaurin ba ya kamawa ko'ina. Akwai layin da ake kira TLR7, shi ne mai busa usur in ya ji ƙanshin bairos. A 2018 masu bincike a Faransa sun nuna cewa a wani kaso na ƙwayoyin garkuwar mata ana karanta shi daga X duka biyun, usur biyu a maimakon ɗaya. Akwai kuma CD40L, wanda ƙwayar T ke zuga ƙwayar B da shi. A mata masu lufus an tarar metil ya zube daga kansa a tabarmar da ya kamata ta zauna a naɗe. Shaidar da ta fi kama hankalina ita ce ta mazan da ake haifa da X biyu da Y ɗaya. Maza ne, amma haɗarin lufus a gare su ya ninka na sauran maza kusan sau 14, ya kusa kamo na mata.

Ƙofa ta biyu ita ce isturojin, homon ɗin da ke tsara al'ada da ƙirar mace. Ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. Ƙwayoyin T da B suna da masu tarbarsa a cikinsu. In ya shiga, shi da mai tarbar sai su je su zauna a kan DNA, su kirawo ma'aikatan da ke sassauta naɗi, layukan da ke wurin su buɗe. Wato homon yana cikin masu riƙe da alƙalamin wasali. A ƙarƙashinsa ƙwayoyin B sun fi daɗewa da rai, har da 'yan kalaren cikinsu da ya kamata jiki ya sallama tun suna ƙanana, kuma ƙarar usur ɗin TLR7 tana daɗuwa. Homon ɗin maza, testostiron, lallashi yake yi. An ga wannan ƙarara tun shekarun 1970 a wani jinsin ɓeraye masu gadon lufus: matan ke riga kamuwa su riga mutuwa, in aka dandaƙe namiji ciwon ya zo masa da wuri, in aka ba mace homon ɗin maza ya yi mata jinkiri.

Kada ki ɗauka tawaya ce a halittar mace. Wannan kaifin ne ya sa jikin mata ya fi na maza amsa allurar rigakafi, ya fi saurin tunkarar cututtuka da dama. Addarki tana da X biyu, tana da isturojin, ba lallai ma naki ya fi nata yawa ba. Iska ɗaya ce ke kaɗawa a kan murhu biyu, ɗaya akwai garwashi, ɗaya toka ce. Shi ya sa ba a maganin lufus da cire ƙwan mace ko kashe mata homon. An gwada ba mata wani homon mai dangantaka da na maza, amfanin bai taka kara ya karya ba. Aure kuma ba ya warkar da shi. Da yana yi, da bencin masu jiran likita bai cika da matan aure da goyo ba. Motsin da kike ji gab da al'ada, mata da yawa masu lufus suna faɗinsa. Ki sami ɗan littafi irin na 'yan ajinki ki riƙa rubuta ranakun al'ada da ranakun ciwo, zai yi wa likita amfani fiye da "yakan tashi wani lokaci".

Mu dawo kan ajiye magani. An duba jinin masu lufus a lokacin da suke jin garau, aka tarar layukan intaferon, wato gangar yaƙin garkuwar jiki, suna nan a buɗe ba ɗauri. Ciwon barcin zomo yake yi. Abin da ke riƙe da shi a wajen yawancin mutane shi ne haidiroksikulorokwin, ƙanin kulorokwin ɗin da muka sha muna yara, wanda ake kuma sayarwa da sunan Plaquenil. Cikin aikinsa har da toshe bakin usur ɗin TLR7. A Kanada a 1991 an raba masu lufus ɗin da ya lafa gida biyu, aka ci gaba da ba wasu, aka janye wa wasu. Waɗanda aka janye wa, haɗarin tashin ciwon ya ninka musu sau biyu da rabi. Ba ya hana haihuwa. Ana shansa da ciki, ana shansa ana shayarwa, kuma mai cikin da ta daina ta fi ganin tashin ciwo. Hakkinsa a kanki gwajin ido ne, kowace shekara in an kai shekara biyar ana sha.

Kumburin fuska kuwa, na san inda yake miki ciwo. Shekarun baya a unguwarmu wata yarinya ta ajiye magungunanta saura mako uku biki, don kumatunta su sace kafin hoto. Ranar sa lalle na shiga ɗakin, an ɗora mata ƙafa a kan filo, mai lalle tana zana fure, ƙawaye na ta shewa. Ni idona na kan idon sawunta: babu shi, ya nutse. Na danna yatsa a ƙaurinta, ramin ya zauna bai ciko ba. Takalmin da aka saya na dina ƙin shiga ya yi. A gadon asibiti ta yi satin amarcinta. Firednisolon, maganin da ke cika kumatun nan, ba a yanke shi rana ɗaya. Jiki ya saba ana ba shi, ya rage yin nasa, in aka katse sai amai da jiri da faɗuwar jini, ban da tashin ciwon kansa. Likita ke sauko da shi mataki-mataki, kuma burin likitocin yanzu shi ne a kai shi miligiram 5 a rana ko ƙasa da haka. Ki gaya masa ranar bikin, ki ce kina son a fara saukowa in gwaji ya yarda. A kuma duba fitsarinki, domin kumburin fuska iri biyu ne. Na magani kumatu yake cikawa. Na ƙoda fatar ido yake tasarwa da safe, fitsari ya riƙa kumfa kamar an zuba omo. Lufus ya fi taɓa ƙodar baƙar fata, kuma a shiru yake farawa.

Goggo dai ba ta yi kuskure duka ba. Ki zazzage ledar maganinki ki karanta. In akwai metotirekset, ko maikofenolet wanda ake kira CellCept, waɗannan suna nakasa ɗan tayi, ba a ɗaukar ciki a kansu. Likita kan musanya su da azatayofirin tun watanni kafin a nema. Saikulofosfamaid, wanda ake sawa a ruwa in ƙoda ta yi tsanani, shi ne wanda kan taɓa ƙwan mace. Dikulofenak na kemis da ake haɗiya kamar gyaɗa in gaɓoɓi sun riƙe, ki janye hannu daga kansa, ƙoda ba ta son sa.

Ƙawarki ta fi Goggo kusa da hanya. Ciki a lokacin da ciwon ke tashe haɗari ne gare ki da abin cikin, kuma ƙa'idar ita ce ciwon ya kwanta aƙalla wata shida kafin a nema. Inda ta kauce shi ne irin ƙwayar. Yawancin ƙwayoyin sha kullum akwai isturojin a ciki. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2005, ɗaya a Amurka ɗaya a Meziko, sun nuna ƙwayar ba ta cika tayar da lufus ɗin da ya lafa ba. Amma kusan ɗaya cikin uku na masu lufus suna ɗauke da wasu makamai a jini da ake kira antifosfolifid, masu sa jini daskarewa a jijiya, masu jawo yawan ɓari. Ga mai su, isturojin na iya kawo gudan jini a ƙafa ko a huhu, ko shanyewar ɓarin jiki. Gwajin da na ce a yi ke nan. Haka in ciwon na tashe, ko ƙoda ta taɓu, ba a ba da ita. Robar mahaifa da ashanar hannu irin su Implanon babu isturojin a cikinsu, su aka fi zaɓa wa irinki. Allurar wata uku tana rage ƙarfin ƙashi, firednisolon ma haka, don haka ba da ita za a fara ba.

In lokacin ciki ya yi, awonki ba na ƙaramin asibitin unguwa ba ne. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin garinku, inda likitan mata da na ƙoda ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Akan ba da ƙaramin asfirin don kare jijjigar masu ciki, wasu a ƙara musu allurar hefarin mai hana jini daskarewa. Akan kuma gwada wani makamin, anti-Ro; in uwa na da shi, kusan jarirai 2 cikin 100 kan sami jinkirin bugun zuciya, shi ya sa ake bin zuciyar ɗan tayi daga mako na 16 zuwa na 26. Mafi yawan matan da suka shirya haka suna sauka da ɗansu a hannu. 'Ya'yan ba ciwon suke gada ba, sauƙin kamuwa ne, kuma mafi yawansu, nesa ba kusa ba, ba sa taɓa yin sa. Jego ne za ki sa wa ido, lokacin da homon ke rikitowa ƙasa cikin 'yan kwanaki, ciwon kan so motsi. Ki shirya da Inna tun yanzu cewa kunun kanwa ba naki ba ne, gishirin cikinsa ba ya shiri da ƙoda ko hawan jini.

Rana kuma ki ji tsoronta. Haskenta yana kashe ƙwayoyin fata ya watsar da kayan cikinsu, 'yan sintiri su gani su tashi. Hijabi ya yi miki rabin aiki, saura fuska da bayan hannu: laima da man kariyar rana, musamman zafin Maris da Afrilu, kuma tsayuwar filin makaranta da tsakar rana ki roƙi abokan aiki su karɓe ki. In an zo gyaran amarya, haɗe-haɗen kwalbar da ba a san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin ƙiba, da man bilicin, ki ce likita ya hana. A cikin na biyun da na ukun sau da yawa dangin firednisolon ne ake ɓoyewa.

Saura babba. Gwajin da ake yi kafin ɗaurin aure, na jinotayif da na ƙanjamau, ba ya nuna lufus, don haka in ba ki faɗa ba babu mai faɗa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da za a ce ya jira wata shida ko shekara, alhali danginsa sun fara ƙirga da yatsu tun daren kai amarya, ba zai iya tare miki ba in bai san dalili ba. Shi zai riƙa ganin kuɗin gwaji da na magani kowane wata, shi zai ga ranar da ba ki iya murɗa marfin kwalba. Ki gaya masa yanzu, kafin a buga kati, ido da ido ba a waya ba. Ki kira ciwon da sunansa. Ki ce ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta shimfiɗa, ba ya warkewa amma ana riƙe shi, ana haihuwa da shi bisa shiri. Sannan ki ce ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. In ya ja da baya zai yi zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ga waɗanda aka ja musu baya suna da ciki wata biyar, kuma dangin mijin suna cewa an yaudare su.

Goggo kuwa kada ki yi musu da ita kan jifa. Ba za ki ci ba, kuma ƙauna ce ta sa ta. Addu'a da azkar da tofi ba sa karo da ƙwaya, ki karɓa ki gode. Jiƙon saiwoyi ne za ki ƙi cikin ladabi. Ki tura Adda ta yi mata maganar magani, tunda ita ce hujjarta. Ita ma Addar ta san cewa haɗarinta ya fi na sauran mata: ranar da ta ga zazzaɓi mai naci, ko gyambon baki, ko zubar gashi da riƙewar gaɓoɓi, ta ce a yi mata gwajin ANA, gwajin jinin da ake fara neman alamar lufus da shi, kada ta zauna shan maganin taifot zagaye na uku.

Ranar asibitin ki tafi da ledar magungunan gaba ɗaya, da ɗan littafin kwanakin, da kwalin ƙwayar ƙawarki a rufe yadda ta kawo shi, likita ya karanta abin da ke ciki. Gwajin antifosfolifid in ya nuna akwai, sai an maimaita shi bayan mako 12 kafin a tabbatar, musanya magani ma watanni yake ci. Ki ɗauki kalanda ki ƙirga daga yau zuwa babbar Sallah, za ki ga wannan makon ya kamata ki je karɓar kati. Ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna, da abin da shi mutumin ya ce.